Akwatin gwajin ruwa da ƙasa: shekara guda ina tsoma shi a Kogin Kaduna

Ranar da ruwan ambaliya ya janye daga lambuna, gona uku na tarar a inda na bar ɗaya. Bakin kogi, wurin da nake yin kuɓewa, yashi ne fari fat ya binne kunyoyin, wani wurin har ƙauri. Kwarin da ke bayansa, inda ruwan ya yi kwana tara a zaune, baƙar laka ce ta shimfiɗu mai santsi kamar man shanu, da rana ta buge ta sai ta tsattsage kamar dunduniyar mai faso. Gangaren tudu kuwa kogin bai ko taɓa shi ba, ruwan sama kaɗai ya ishe shi. Ƙasar sama ta tafi, sai ja da tsakuwa, saiwar masara duk a waje.

Maƙwabcina a fadamar, wani dattijo da muke ce wa Baba, ya zo ya ɗebi lakar ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya ce, "Malam, bana kada ka ɓata kuɗinka a taki a nan. Kogi ya biya ka." Na ce, "To Baba, nan ya biya ni, can sama fa?" Ya yi dariya ya ce ai wancan an kai wa Nufawa, can ƙasan kogi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin in yi ritaya in kama lambu a gefen kogi, sama da Rafin Guza. Ban san sau nawa na zana wa yara Kogin Kaduna a allo ba: ya taso daga tsaunukan Jos kusa da Vom, Galma ta zubo masa daga wajen Zariya, ya ratsa garin nan, ya wuce Shiroro, ya je ya faɗa Neja daura da Pategi bayan tafiyar kilomita kusan 550. Layi ne shuɗi kawai nake ja. Abin da ke cikin ruwan ban taɓa zana shi ba, kuma ko a 2003 da 2012 da ruwa ya ci gidaje a su Kigo Road da Rafin Guza, lissafin gidaje da katifu muke yi, ba wanda ya lissafa ƙasar da ta tafi. Maganar Baba ce ta tsaya mini a rai. Na so in san me kogin ya biya ni da shi, kuma nawa ya ɗauka.

Shi ya kai ni wani shagon kayan noma a cikin gari, na sayi wannan akwatin da zan ba ku labarinsa. Kuɗinsa a lokacin ya kusa na rabin buhun kamfa. Yaron shagon ya ce, "Baba, wannan da ka tsoma shi, komai zai gaya maka." Abu uku ne a ciki: wani abu mai kama da alƙalami, da batir da gilashin lamba, an rubuta TDS a jikinsa, wata 'yar gwangwani mai ɗauke da siraran takardu hamsin na gwajin naitiret, wato sinadarin taki mai naitirojin da ke narkewa a ruwa, sai wani mai ƙafa biyu na ƙarfe da allura kamar ta agogo, wai ana caka shi a ƙasa ya faɗi danshi da tsami. Takardar bayani da Turanci ce, Turancin ma na wanda bai iya ba.

Da alƙalamin na fara, don shi ya fi ɗaukar ido, kuma shi ya fi ruɗa ni. A watan Fabrairu, lokacin da kogi ya ja baya ya yi garau har kana hangen duwatsun ƙasa, na auna na rubuta a littafi. Da Agusta ta zo, marka ta kankama, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa, na sake tsomawa ina jiran lambar ta yi tashin gwauron zabo. Sai ta faɗi, ba ta kai rabin ta rani ba. Na girgiza shi, na canza batir, na sake. Haka dai. Na ce shi ke nan, an yi mini sakiyar da ba ruwa.

Ɗan ƙanwata, wanda ya karanci harkar ruwa, shi ya warware mini. Ya ce, "Kawu, ai ba datti yake aunawa ba. Wutar lantarki yake turawa tsakanin 'yan ƙarafan nan biyu, ya ga yadda ruwan ke bari ta wuce. Gishirin da ya narke ne ke ɗaukar wuta. Laka ba ta narke ba, yawo take yi a ciki." Da rani ruwan da ke kogi daga ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, ya daɗe yana jiƙe da duwatsu, ga rana tana ƙafar da shi, ga na kwatocin gari, dole gishirinsa ya yi yawa. Da damina ruwan sama ne ya surka shi. Wato alƙalamin gaskiya ya faɗa, amma ba amsar tambayata ba ce.

Da ya ga ban gamsu ba sai ya sa aka kawo kofi uku na ruwan rijiya. Ya barbaɗa gishirin miya a na farko, lamba ta yi sama nan take. Ya jefa ƙwayoyin kamfa a na biyu ya juya, ta hau. A na uku ya zuba cokali guda na yuriya, ta narke tas, ya tsoma. Lambar da ƙyar ta motsa. Yuriya fa, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, takin da ya fi kowane ƙarfi a shagon, alƙalamin bai san ta shiga ba, domin idan ta narke ba ta ɗaukar wuta, kamar sukari. Uwargida tana tsaye tana kallonmu ta ce, "Malam, yanzu a kan wannan ka zubar da rabin buhu?" Ban ce komai ba.

Ba zan ce a jefar da shi ba. Ga mai ban-ruwa da rani yana da rana: in ruwan rijiyarka ko kududdufin da kake ja da inji ya fara yin kanwa-kanwa, zai nuna maka tun kafin ka ga farin nan a bakin fangali. Amma wanda ya saye shi don ya san ko ruwa na shayuwa, ko don ya san abin da ambaliya ta kawo masa, makaho ya ɗauka ɗan jagora.

'Yan takardun nan da na raina, su ne suka biya kuɗin akwatin. Ka tsoma ɗaya daƙiƙa biyu, ka fitar, ka jira minti guda, kan ya rine daga fari zuwa ruwan hoda, in abin ya yi yawa har ya koma kamar jinin kare. Sai ka gwada da launukan jikin gwangwanin, daga sifili, 10, 25, 50, har sama. Lambar 50 ɗin ita ce abin lura, domin miligiram 50 na naitiret a lita ɗaya shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, musamman saboda jarirai. Ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta ko an tace da tsumma, in ba haka ba jan ƙasar zai ɓata maka launin.

Akwai wani ɗan rafi da ke gangarowa ta gefen gonata daga gonakin tudu da rugar da ke can sama. Shi na riƙa bibiya. Da rani ba ya gudu. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a ƙarshen Afrilu, da sassafe na je da gora na ɗebo. Ruwan baƙi-baƙi, da kumfa, da warin turke. Takardar ta rine sosai, irin rinin da ban sake gani ba duk shekarar. Zuwa Yuli sai ɗan hoda-hoda. A tsakiyar marka kusan fara take fitowa.

Da na zauna na yi tunani, ai abin a fili yake. Wata biyar zuwa shida ba a yi ruwa ba. Kashin shanu da na awaki ya taru, an ƙona ciyawa da kara toka ta kwanta, bola ta cika, ga ƙurar hunturu da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi tana sauke mana a kan rufi da gona, ita ma da ɗan sinadaran taki, fosfaras da fotash, a jikinta. Sannan ita kanta busasshiyar ƙasa, da ta ji ruwa, ƙwayoyin halittar da suka yi likimo a cikinta sai su farka gaba ɗaya su hau cin ruɓaɓɓen ganye, su saki naitirojin da iskar kabon a 'yan kwanaki. Wani masani mai suna Birch ya bayyana wannan tun 1958 daga aikin da ya yi a Gabashin Afirka, amma iyayenmu da ba sa tarar ruwan farko daga indararo, kuma suke rige-rigen shukar fari, sun riga shi sani ta hanyarsu. Matsalar ita ce a lokacin babu yabanya a gona da za ta kama wannan abincin. In ruwan farko ya zo a hankali, ƙasa ta sha, ya zauna. In ya zo kamar da bakin ƙwarya, a dare ɗaya rafi zai kwashe abin da aka yi rabin shekara ana tarawa.

Takardun sun kuma kama ni da laifi. A Yuli na watsa wa masara yuriya a saman ƙasa da yamma, ban rufe ba, ina cewa gobe. Cikin dare aka tafka ruwa. Bayan kwanaki na gwada ruwan da ke tsattsafowa a gindin gangaren, ya rine, masarar kuwa ta ci gaba da zama ɗorawa. Tun daga nan nake tona rami da tsinke in binne taki, kuma in raba shi kashi biyu. Naitiret ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya bi yana biye da shi. A kwari kuma, inda ruwa ke kwanciya, wata hanyar yake bi ya gudu: ƙasa ta rasa iska, ƙwayoyin cikinta su juya shi ya zama iska ya tashi sama. Shi ya sa masarar da ta kwana uku a ruwa take yin rawaya ko da ka ba ta taki.

Aibinsu ɗaya, ba sa son zafi da laima. Na bar gwangwanin a aljihun babur mako biyu a bazara, da na buɗe na tarar guda goma sha sun yi duhu da kansu. Kuma da suka ƙare na koma shagon, aka ce ba a sayar da su daban, sai dai in sake sayen akwatin dungurungum. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai.

Mai ƙafa biyun ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Na caka shi a ƙasar da na jiƙa da ruwan lemun tsami, na caka a wadda na jiƙa da ruwan toka, allurar tsamin tana nan kusa da 7, wato ba tsami ba kanwa, kamar an kafe ta da ƙusa. Ta danshi tana motsi, amma yatsana ma yana yin wannan aikin kyauta.

To ina abin da Baba ya shinshina? Duk akwatin babu mai ganinsa. Abin da ya nuna mini shi kwalba ce ta banza da na tsinta. Na cika ta da ruwan kogi ranar da ya fi cika a Satumba, na ajiye a kan taga. Kafin in juya, yashi ya kwanta a gindi. Zuwa yamma wani sashe mai laushi, mai duhu, ya hau kansa. Jar laka ta yi kwana da kwanaki tana sauka, har sai da na jefa ɗan alam. Ɓaraguzan ganye da kara suna yawo a sama. Bayan komai ya kwanta, ruwan bai yi fari ba, ya tsaya kamar shayin da aka yi wa ganye kaɗan. Na daɗe ina kallon kwalbar nan, domin gonata ce a ciki a jere. Yashi mai nauyi shi ke fara sauka da zarar ruwa ya haura gaɓa ya rage gudu, shi ya sa ya binne mini kuɓewa. Mai laushin sai inda ruwa ya zauna, wato kwari. Launin shayin kuwa ba ya sauka ko'ina, ya wuce.

Baƙin da ke cikin ƙasa mai kyau ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabba, kuma fiye da rabin nauyinsa kabon ne, wanda tsiro ya zuƙo daga iska. Shi ke riƙe danshi, shi ke riƙe taki. Ƙasar tudu a yankinmu da ma ba ta da shi da yawa, sau da yawa ba ya kai kashi 1 cikin 100, kuma ɗan abin da ke akwai a saman yake, daidai inda ɗigon ruwa ke duka. Fosfaras ma, abin da muke saye a buhun sufa, ba kamar naitiret ba ne, manne yake da ƙwayar laka, sai ƙasa ta tashi yake tashi. Saboda haka ruwan yayyafi na mako guda ba ya raba ka da shi. Ruwan awa biyu mai haɗe da iska shi ke yi. A koguna da dama an lura cewa yawancin lakar shekara a 'yan kwanakin babban ruwa take wucewa, sauran kwanakin kogi kusan hutu yake. Kuma irin wannan ruwan ne ake sa ran zai ƙaru, tunda duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na iya riƙe ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, in ta tashi saki kuma ta saki gaba ɗaya.

Baba ya ce an kai wa Nufawa, amma ina jin rabonsu ya ragu. Shekara da shekaru ke nan madatsar Shiroro na tsaye a hanya, ga ta Zungeru ta zo a bayanta. Duk inda ruwa ya tsaya, abin da ya faru a kwalbata shi zai faru. Misirawa sun ga haka: da aka kammala madatsar Aswan a 1970, lakar da Nilu ke shimfiɗa musu duk shekara ta daina zuwa, suka koma ga buhu. Kabon ɗin da ya tsira daga madatsa, wani ƙwayoyin ruwa ne ke cinye shi a hanya ya koma iska, kuma cin nan da iskar shaƙar da ke cikin ruwa suke yin sa, shi ya sa wani lokaci bayan ruwan farko masunta kan ga kifi yana tasowa yana haki a kududdufai. Wanda ya kwanta a taɓo ya ruɓe babu iska, shi ne kumfar nan da ke ɓulɓulowa in ka taka kwari. Duk da haka an kiyasta kogunan duniya na kai wa teku kabon da ya kusa tan biliyan ɗaya a shekara. Takin da ya tsere mana kuwa shi ke ciyar da kainuwa da gansakuka inda ruwa ya lafa. A Amurka, takin gonakin da Kogin Misisipi ke kwasa yana haddasa wani yanki a bakin teku da kifi ba ya iya zama a cikinsa duk bazararsu.

Don in cire shakka, na ɗebi ƙasa daga wurare ukun, kowace a ledarta, na kai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Aka ce mako biyu, sai da na yi sawu huɗu a mako biyar. Takardar da aka miƙo mini lambobi ne zalla, babu ko layi ɗaya na shawara, da na tambayi yarinyar da ke wurin ta ce oga ne ya sani, oga kuma ba ya nan. Ɗan ƙanwata ne ya sake fassara mini. Lakar kwari ta fi ko'ina kabon da fosfaras, nesa ba kusa ba. Gangaren tudu ya yi ƙasa sosai. Yashin bakin kogi kusan babu komai a cikinsa. Abin da Baba ya faɗa da hancinsa ke nan, amma ni na biya kuɗi na ji. Duk da jan ran da aka yi mini, gwajin nan ya fi akwatin amfani ga wanda ruwa ya ci gonarsa. Da zan sake, zan fara tambaya a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke nan Mando in maganar ruwa ce, ko don in samu wanda zai zauna ya yi mini bayani.

Akwai abin da nake so duk mai niyyar sayen akwatin nan ya ji da kyau. Babu ko ɗaya a cikinsa da ke ganin ƙwayar cuta, ko dalma, ko maganin feshi. Ambaliyar da ta ratso gari ta bi ta masai da kwata da bola da garejin makanikai kafin ta iso. Na ga wani matashi a unguwarmu ya tsoma irin alƙalamin nan a rijiyar da ruwa ya shiga, ya ga lamba ƙarama, ya ce wa mata su sha lafiya lau. Na ce masa, "Ɗana, wannan bai san amai da gudawa ba. A tafasa." Haka ma lakar da ke ƙasa da gari, ba zan ba da shaidarta kamar yadda zan ba da ta tawa da ke sama ba.

In da ana sayar da takardun naitiret su kaɗai, da su zan ce kowane mai lambu ya saya, ya ajiye a inuwa, ya rufe bakin gam. Alƙalamin sai mai ban-ruwan rani. Akwatin gaba ɗaya a kuɗin da na saye shi, ba zan sake ba.

A kwarin na yi kabeji da latas a ranin farko ban sa kamfa ba, yuriya kaɗan kawai na ba su, kuma ban taɓa yanke irinsu ba. Bakin kogi na haƙura na bar wa masu yashi suka kwashi tifa biyu, ragowar na sa kankana. Gangaren ne ya ci mini kuɗi da ƙarfi: na juya kunyoyin suka gicciye gangare, na jera duwatsu layi biyu, na dasa jema a bayansu, na hana a ƙona kara, sannan na sa yara suna ɗauko lakar kwari a baro suna mayarwa sama. Baro arba'in da ɗaya muka yi kafin azumi ya tsayar da mu. Baba yana zaune a gindin mangwaro yana ƙirga mana, yana cewa bai taɓa ganin wanda ke mayar wa ɓarawo kaya inda ya sato su ba. Mai ƙafa biyun kuwa yana nan a bakin fangali, shi nake ɗaura igiya in zan ja layin dashe.